Yadda Na Zama Damina

Shekarar da marigayi Yaya ya yarda in bi shi farautar zabin daji, na je kasuwar Maigatari na zaɓo riga mai zanen ganye, koriya shar. Har na tsaya ina yi masa bayanin yadda zan saje da daji.

Na manta rani ake ciki. Dajin Gagarawa ya bushe ƙayau, ni kaɗai ne kore. Tun daga nesa zabin suka tashi, muka dawo hannu Rabbana.

Yaya ya dube ni ya ce, "Sannu, Damina. Bana kin sauka da wuri."

Har ya rasu bai ƙara kiran sunana na yanka ba. Yanzu 'ya'yansa ke cewa Baba Damina, ni kuwa da sauri nake amsawa.