Ranar da Na Naɗa Mai Tuwo Direba

Tun da na dawo daga kwas na sati biyu a Kano, na daina ganin kowa da gashi a makarantar kwanan da nake manajan ma'aikatanta a Gaya. Na koyo wata manhajar kwamfuta mai zana taswirar ilimi, wadda ke haɗa kowane ma'aikaci da abin da ya iya, sannan ta ja zare zuwa aikin da ya dace da shi. Kowa ya rubuto gwanintarsa, na zuba a kwamfuta ban tsaya tantancewa ba.

Ranar taro, Alhaji mai makarantar ya ce in nuna wanda za a damƙa wa sabuwar bas ɗin ɗauko ɗalibai daga Ajingi. Malam Sale, wanda ya shekara bakwai yana fama da tsohuwar, har ya gyara zaman hularsa.

Na ce, "Alhaji, yau babu sanayya. Na'ura ba ta da ɗan'uwa."

Na danna. Sunan Inna Hajara, shugabar masu girki, ya fito ɓaro-ɓaro a bango. Gwaninta: tuƙi, shekara ashirin da biyu.

Maimakon in ja bakina, sai na ce wataƙila tana da lasin ba mu sani ba.

Ta ce, "Ɗan nan, tuwo fa nake tuƙawa."

Alhaji ya miƙa wa Malam Sale makulli, ko kallona bai yi ba.

Har yau in na gitta ta kicin, sai Inna Hajara ta ɗaga muciya ta ce, "Manaja, Ajingi za ka? Shigo, saura mutum ɗaya."