Rasuwar Ƙaguwa, Mai Miƙar da Gashin Akanisi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kai wanda ranar rasuwar rabinsa ya kwanta rabinsa ya miƙe tsaye, Akanisi Vakaloloma ta unguwar Raiwaqa a birnin Suva tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan ƙungiyar ƙwallon raga ta matan unguwa rasuwar na'urarta ta miƙar da gashi, wadda aka fi sani da Ƙaguwa. Ta cika ranar Asabar da rana a bakin aikinta, tana riƙe da wani tsagi na gashi a bayan kunnen hagu. Shekararta goma sha ɗaya a gidan, ban da waɗanda ta yi a hannun wata baturiya kafin ta faɗo gwanjo, waɗanda ba wanda ya san adadinsu.

Vasemaca, yayar Akanisi, ita ta kawo marigayiyar gidan, shekarar da ta je tsinkar tuffa a New Zealand. Ita kuma ta raɗa mata suna, domin baki biyu gare ta masu matsewa, kuma tun ranar farko ta cije wa Akanisi kunne. Vasemaca ta riga mu gidan gaskiya bara, bayan jinyar wata uku, Allah ya jiƙanta. Duk wanda ke shiga gidan ya san cewa tun daga lokacin mahaifiyarsu, Nana Miliakere, ba ta sake ɗora hannu a kan Akanisi ba, kuma Ƙaguwa ce sanadi. Za a faɗi yadda aka yi a ƙasa, amma a fara da halayen mamaciya kamar yadda aka saba.

Marigayiya ta yi aiki a garin da bai san darajar aikinta ba. Suva ce fa, inda ruwan sama ke sauka ba sallama, in ma bai sauka ba iskar kanta a jiƙe take. Ga motar haya da ba gilashi a taga, sai tamfol da ake saukewa bayan an riga an jiƙe. A irin wannan gari aka ɗora mata gashin Akanisi, gashi mai cika da taurin kai wanda ya karya mataji ba ɗaya ba, ba biyu ba. A kan haka kuma mai gashin 'yar ƙwallo ce, ita ke tsalle a bakin raga, atisaye Talata da Alhamis, wasa Asabar da safe, kuma zufarta daga tsakar ka take farawa. Ƙaguwa ba ta taɓa ƙorafi ba. A kunna ta, ta ce ƙyat, jar fitilarta ta kama. A ba ta minti biyu, ta kama gashi ta ce tsss, wani siririn tururi ya tashi. In an ajiye ta a kan faranti kuwa sai ta riƙa taf, taf a hankali tana hucewa, kamar mai sauke numfashi.

Shekara goma cur hannun Vasemaca ne ke riƙe da ita. Kowace Asabar bayan wasa Akanisi za ta wanke kai, ta busar da shi sarai, ta zauna a tabarma tsakanin ƙafafun yayarta. Vasemaca ta shafa man kwakwar da take haɗawa da kanta da furen mokosoi, ta tsaga gashin kashi takwas, mataji a gaba Ƙaguwa na biye, sau ɗaya tak a kowane tsagi. Tana yi tana kafa dokoki. Kafin atisaye a naɗe gashin ya zagaye kai, a ɗaure da ɗankwalin siliki, a sa maɗaurin goshi mai shan zufa. Bayan atisaye kada a kwance sai kan ya bushe ƙarƙaf, ko da kuwa ana ƙaiƙayi kamar a yi hauka. A hura wa gindin gashin iska mai sanyi. Kada a kai Ƙaguwa kan gashi mai danshi, kada kuma a dame ta fiye da sau ɗaya a mako.

"Aka, in kika kwance ɗankwalin nan a mota, wallahi ki nemi wata yayar," haka take cewa.

"To in ya yi ƙaiƙayi fa?"

"Ki bubbuga shi. Kunnenki nake so ki riƙe min yanzu, ba surutu ba."

Da waɗannan dokoki aikin Asabar ke kaiwa wata Asabar. Akanisi za ta yi tsalle awa biyu, rigarta ta jiƙe sharkaf, washegari ta shiga ofis gashi na zuba a kafaɗa kamar ba ita ba. Mai horar da su, Torika, takan tsaya a gefen fili ta riƙe ƙugu ta ce, "Aka, ƙwallo kika zo bugawa ko renon gashi?" Amma ita ma Torikar, ranar ɗaurin auren ƙanenta, a tabarmar Vasemaca ta wuni. Marigayiya ba ta riƙe kowa a zuciya ba, ta yi wa masu zaginta aiki kamar yadda ta yi wa masoyanta.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yarda da ita ba. Nana Miliakere buiniga take yi tun tana budurwa, gashinta a taje a tsaye, zagaye da kai kamar yadda uwarta da kakarta suka yi, kuma a ganinta wanda ya gasa abin da Allah ya ba shi yana da sauran bayani. Sai dai ba ta hana ba. Takan wuce ta ce gidan na warin ƙonannen kaza, 'ya'yan su yi dariya, ita ma ta yi. In an gama kuma ta zo ta shafa kan Akanisi da tafin hannu ta ce, "To, ba laifi." Kai ba abin taɓawa ba ne ga kowa, ko wucewa za a yi ta bayan wanda ke zaune sai an sunkuya an ce tulou, wato gafara. A duk duniya hannu biyu ne suka san tsakar kan Akanisi, na uwarta da na yayarta.

Da aka binne Vasemaca dangi suka ɗauki takaba ta dare ɗari. Maza suka bar gemu, mata suka sa baƙi, Nana kuma ta ƙara da cewa a gidanta ba mai kai ƙarfe mai zafi kansa sai an cika. Akanisi ta amsa da to. Ba ta yi kuka a asibiti ba, ba ta yi a bakin kabari ba, har mata suna ta yaba ƙarfin halinta. A rana ta goma sha biyu ta shiga ɗakin yayarta za ta kwashe kaya, ta ga Ƙaguwa a kan faranti inda aka bar ta, wayarta a naɗe irin naɗin Vasemaca. Ba gyaran kai ta yi niyya ba, kunna ta kawai ta yi. Ta ce ƙyat. Da ta ɗau zafi sai ƙamshi ya tashi daga bakinta, man kwakwa da mokosoi na shekara goma da ya kama ƙarfen, ƙamshin Asabar, ƙamshin cinyar da take jingina da ita. Akanisi ba ta san lokacin da ta ja tsagi ɗaya ta kama ba.

Nana ta jiyo warin daga madafa. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ludayi a hannu.

"'Yar'uwarki ko ƙasar kabarinta ba ta kwanta ba, ke kanki kike kwantarwa?"

Nana ta juya. Tun daga ranar tana dafa mata abinci, tana amsa gaisuwarta, tana tashinta zuwa coci, amma hannun nan bai ƙara zuwa kanta ba, kuma "Aka" ta koma "Akanisi". Ita kuwa, da yake taurin kai ba a gashi kaɗai ta gada ba, ta ci gaba da kunna Ƙaguwa kowace Asabar, ta rufe ƙofa, tana yi wa kanta da madubi biyu, tana ƙone wuya da yatsu. Tana jin kunyar abin, tana jin zafin uwarta, amma ta kasa bari, domin minti arba'in ɗin nan ne kaɗai a mako take jin tana da yaya.

Rashin lafiyar marigayiya ya faro ne daga waya, wadda aka yi ta ɗaurewa da baƙin salatif har ta yi kauri. Daga nan fitilarta ta fara ƙyafta ido. A watan jiya leɓenta na ƙasa ya daina ɗaukar zafi sosai, sai an bi tsagi sau uku, abin da Vasemaca ta haramta. An kai ta wurin Pravin mai gyara a bayan kasuwa. Ya buɗe cikinta, ya girgiza kai.

"'Yar'uwa, sai dai in canza mata ƙarafunan bakin nan. Dubi yadda mai ya daskare a kai. In sa sababbi, ta koma amarya."

"A'a, bar su."

"To in kankare miki dattin mana."

"Na ce ka bar su!"

Pravin ya ɗaga hannu biyu ya mayar da kusoshi. Har yau yana ba mutane labarin matar da ta hana a wanke mata datti.

Ranar Lahadi aka shirya addu'ar cika shekarar Vasemaca a coci. Ranar Asabar Akanisi ta dawo daga wasa, ta wanke kai, ta busar, ta tsaga kashi takwas. Ƙaguwa ta ce ƙyat, amma can ƙasa-ƙasa. Ta yi kashi huɗu na dama da ƙyar. A na biyar, bayan kunnen hagu, ta ce tsss, gajere, ta ce taf sau ɗaya, fitilar ta mutu. Akanisi ta canza mata wurin jona waya, ta murɗa wayar, ta bubbuga ta a tafin hannu, ta roƙe ta. Sai ta kai ta hanci tana shaƙa tun da sauran ɗumi, ƙamshin na raguwa ƙarfen na hucewa, har ya zama ba komai sai sanyi. A nan kukan da ya yi shekara yana jira ya zo mata gaba ɗaya, da ƙara, har maƙwabta suka rage rediyo.

Nana ta turo ƙofa. Ta tarar da 'yarta mai shekara talatin da biyu a ƙasa, rabin kai a kwance rabi a tashe, ta rungume ƙarfe.

"Wannan kukan duk na ƙarfe ne? Ba ki yi wa mai shi rabinsa ba."

"Nana, ƙamshin Vase ne a jiki. In ta yi zafi sai in ji kamar tana bayana. Yanzu ya tafi."

Nana ta sunkuya da gwiwoyinta masu ciwo, ta karɓi Ƙaguwa, abin da ba ta taɓa riƙewa ba a shekara goma sha ɗaya, ta kai hanci. Ko ta ji wani abu ko ba ta ji ba, ba ta faɗa ba. Ta dai rufe ido.

"Shekara guda kina shaƙar 'yata ke kaɗai a bayan ƙofa," ta ce. "Ni ba uwarta ba ce? Da kin kira ni."

Marigayiya ta bar ɗankwalin siliki ɗaya wanda ya koɗe, da maɗaurin goshi biyu, da mataji mai tsinin wutsiya, da abin kama gashi biyar daga cikin takwas, da ƙanwarta na'urar busar da kai, wadda ita ma tari take yi. Ta bar lema, abokiyar gwagwarmayarta. Ta bar tabo uku a kunnuwan Akanisi, biyu na hannun Vasemaca, ɗaya na hannun ita Akanisin, wadda ta ce ba ta son su goge.

An yi addu'ar Lahadi lafiya. Masu tambayar dalilin da ya sa Akanisi ta shiga coci da kai a wanke, a taje, a tsaye kamar na uwarta, ga amsarsu nan a sama, sai a daina tsayar da ita a hanya.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa a gida. Za a naɗe mamaciya a ɗankwalin siliki, wayarta a naɗe irin naɗin da ta saba, a kwantar da ita a akwatin kayan Vasemaca. Ba za a kankare mata baki ba. Masu zuwa ta'aziyya ba sai sun ɗauko tabarma ko saiwar kava da aka saba kaiwa gidan makoki ba, akwai shayi da dafaffen rogo. Ana roƙon 'yan ƙungiya, musamman Torika, da su bar maganar haɗa hannu a sayo sabuwa, domin Akanisi ta ɗauki dare ɗarin da ta karya bara, daga farko, kuma a wannan karon ba wanda ya sa ta. Atisaye na nan yadda yake, zufa kuma ta yi abin da ta ga dama.

Nana Miliakere ta ce a sanar da kowa ranar jana'izar kada a ƙwanƙwasa mata ƙofa kafin ƙarfe goma sha biyu. Ta samo furen mokosoi, ta fito da tsohon matajinta na katako, za ta taje wa Aka kai.