Rasuwar Jadawalina A, Wanda Na Zaci Yana da Ɗan'uwa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wata dariya da ta ƙi sakina tun jiya, nake sanar da jama'ar hawa na uku rasuwar jadawalina A, wanda mu masu lissafi da kwamfuta muke kira matiris. Ya cika ranar Litinin da hantsi yana da shekara biyu da wata huɗu, a hannuna, kuma da hannuna.

Marigayin yana da layi talatin da shida a kwance, kowanne rijiya guda, da layi ɗari da ashirin a tsaye, kowanne mako guda da na je na zura igiya na auno zurfin ruwa. A kansa digirina na uku ya dogara kacokan. Mai haƙuri ne na gaske. An ninka shi, an raba shi, an juya shi ƙafa a sama, bai taɓa cewa uffan ba, in ban da "fuuuu" da fankar kwamfuta takan yi a madadinsa, kamar mai hawa bene da kaya.

Ciwon ajalinsa gajere ne. Na so in gwada hasashena ba tare da na taɓa lafiyarsa ba, sai na rubuta B = A, na gyara zama wai ni na yi kwafi. Ashe a harshen kwamfutar da nake aiki da shi wannan rubutun ba ya kwafar komai, suna na biyu kawai yake ba abu. Ɗa ɗaya na raɗa wa suna biyu, ina ta guɗa na haifi tagwaye. Duk hasashen da na zuba a B, a cikin A yake sauka, yana danne awon gaskiya. Sannan na adana a kan fayil ɗin asali, domin ni mai tsafta ce, ba na son tarkace.

Da na ce kwamfuta ta gwada hasashe da awo, sai ta ce bambancinsu sifili ne. Sifili! Na fita a guje da takalmi ɗaya, na rungume mai shara, na aika wa Farfesa mai duba aikina saƙo, shi kuma kafin azahar ya fesa wa kwamitin da zai saurare ni cewa ɗalibarsa ta yi abin da ba a taɓa yi ba. Bai yi ƙarya ba.

Yayarmu mai teburin bakin taga ce ta tabbatar da rasuwar. Ta ce, "Ƙanwata, ɗan matsa." Ta rubuta 999 a cikin B, ta buɗe A, sai ga 999 ya harɗe yana kallonmu. Ta ce, "Ai kanki kika gwada da kanki, dole ku yi kama." Na fashe da dariya har da hawaye, kuma har yanzu ban tantance wanne ne ke jan wani ba.

Ya rasu ya bar B, wanda shi ma gawar ce, da zane-zane goma sha ɗaya da ba su da uba yanzu, da littattafan awo tara masu tabon laka a ƙarƙashin gadona.

Za a yi zaman makoki gobe Laraba daga ƙarfe takwas na safe a ɗakin kwamfutoci. Kada kowa ya zo hannu rabbana: a taho da kwamfuta, a ɗauki littafi guda, a shigar da lambobi. Mai iya karanta rubutun hannuna yana da kujerar gaba. Binnewa kuwa sai Alhamis da ƙarfe goma, a gaban kwamiti.

Mutum ɗaya ne ban samu ƙarfin zuciyar sanar da shi baki da baki ba. Farfesa, ranka ya daɗe, in kana karanta wannan a jikin allon sanarwa, to, ka ji ke nan.