Goyo a Gadar Agwagi

A kife nake rubuta muku na wannan makon, haɓata a kan matashi, ƙahoni jere a gadon bayana. Tsoho Pu mai ƙaho yana tsaye a kaina yana ƙyaƙyata dariya, wai tunda ya fara sana'a bai taɓa ganin bayan da aikin raya gari ya karya ba sai nawa. Na ce masa ya rage murya. Masu girma ba sa karya komai, gyara suke yi.

Kun dai san Gadar Agwagi. Ta girmi kakan kakana, ta gantsare kamar kyanwar da ta ga kare, matakalarta kuma ƙafafu sun side su sai santsi. Babu abin dafawa ko na magani. Shekara da shekaru mu mutanen wannan tsallaken muna roƙo a sa mana abin da tsoho zai riƙe.

Maganar ta faɗa hannun manya biyu. Mai Girma Uban Ƙawa ya ce gada mai tarihi ba ta karɓar komai sai sassaƙaƙƙen dutse, daga tsaunin da aka fasa nata na asali, da furanni a jiki. Mai Girma Uban Tattali ya ji kuɗin, sai da aka yi masa fifita. Ya ce bututun ƙarfe ya isa. Uban Ƙawa ya ce bututu zai ɓata hoto, baƙi kuma don hoto suke zuwa. Aka shiga taro. Taron kuwa ba ya yiwuwa sai a gidan abincin bakin tafki, saboda a can ne tunani yake zuwa. Maƙwabcina Mao mai awara, wanda surukinsa ke dafa musu, ya rantse cewa ƙaguwar da aka cinye a kan wannan batu ta isa a yi wa gadar bango da rufi.

Amma fa a yaba musu, sun fito da hikima. Aka kafa bututun, aka shafa masa fenti ruwan toka don ya yi kama da dutse, aka yi shi na cirewa. Ranar da babu baƙi, tsofaffi su dafa. Ranar da manyan baƙi za su zo, a zare shi. Aka ɗauki mutum huɗu aikin zarewa, aka gina ɗakin ajiye shi, aka sa wa ɗakin mai gadi. Duk don a rage kashe kuɗi.

To, matata Lanfen ta cika shekara sittin da shida ranar Asabar. A garin nan wanda ya kai wannan shekarar dole ya haye gadar kafin rana ta take, ya je ya ci taliyar tsawon rai a gidan babban ɗan'uwansa, in ba haka ba shekarar ba za ta sake shi lafiya ba. Ni ban ce na yarda ba. Lanfen kuwa ta yarda har cikin ƙashinta, don mahaifiyarta ba ta haye ba, ba ta kuma ga sabuwar shekara ba. Tun da ɓarin jikinta na hagu ya yi rauni bara, kullum da safe sai ta je ta gwada hawa, tana riƙe da bututun nan, yau matakala kaɗan, gobe ta ƙara. Yayarta kuma tana tsallake, ta kwana tana murza taliya.

Muka fito, ta sha jar riga, 'yan unguwa na biye. Muka iso gada, babu ƙarfe. Sai ramukansa, an toshe su da tukwanen fure.

Na sami wani mai kwat da ke tsara tukwanen. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina bututunmu?"

Ya ce, "Kawu, yau akwai tawaga."

"Matata za ta haye. Ku mayar mata na ɗan lokaci."

"Masu zarewa ne ke aiki yau, Kawu. Masu mayarwa sai Litinin."

"Ba mutanen nan huɗu ba ne?"

"Su ne. Amma yau a matsayin masu zarewa suka zo."

Na waiwaya, Lanfen ta kafe ido a matakalar farko. Ta ce, "Tsoho, mu koma gida." Shekara arba'in muna tare ban taɓa jin ta janye daga komai ba, har da faɗan da ita ce ba ta da gaskiya. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Na durƙusa na ce, "Hau."

Ta ce, "Ka haukace? A gaban mutane?"

Mao ya sa baki: "Yaya Lanfen, al'ada cewa ta yi a haye. Ba ta ce da ƙafar wa ba."

Ta hau tana zagina. Tun daga ƙasa har ƙololuwa tana faɗa mini a kunne cewa tafiyata ta agwagwa ce, wuyana na warin man zafi, kuma da ta auri malamin makarantar nan da yanzu a mota take. A saman gadar ta daina zagin, na ji wuyan rigata ya jiƙe da hawayenta. Ni ma abin ya taɓa ni, don ban san ta rame haka ba. A gangara ne bayana ya ce ƙas. Muka dai isa, ta cinye taliyarta tas, ta nemi ƙari. A dawowa Mao ne ya goyo ta.

Ashe mai ɗaukar hoton tawaga yana gefe. Shekaranjiya aka kafa mu a allo a bakin tasha, ni da ita, an baƙanta mana gashi, an goge sandarta, an rubuta "Tsohuwar Al'adar Goyo ta Gadar Agwagi". Yanzu samari daga birni ke layi suna goya 'yanmata, ana yankar musu tikiti. A karon farko Uban Ƙawa da Uban Tattali sun yi baki ɗaya: bututu zai kashe al'ada, ba za a mayar ba. Na ji an kafa shi a matakalar ofishinsu, wai gwiwar ɗaya daga cikinsu na damunsa. Muna yi masa fatan sauƙi.

Lanfen ba ta sake hayewa ba. Gadar mota tana can bayan gari, ita kuma mota na sa ta amai. Kullum da hantsi takan ja kujera bakin taga, yayarta ta ja tata a tsallake, su yi ta ɗaga wa juna hannu, ruwa a tsakaninsu.

Ina roƙonku, wannan ya tsaya tsakaninmu. Abin yana da kyau a hoto.