Yadda Ake Zuwa Gidan Surukai da Turaren Sanyi a Tsakiyar Bazara

Kai da ka sayi baƙin turaren nan mai ƙamshin itace da saiwar jema, wanda mai shago ya ce na lokacin sanyi ne, matso kusa. Bi matakan nan, ni na tsaya maka, surukanka ba za su taɓa mantawa da kai ba. Bilyamin na nan Potiskum ya bi su ranar da ya je Mamudo gaida iyayen Khaulat, har yau ana zancensa.

1. Kada ka jira sanyi

Malam Bubayaro, mahaifin yarinyar, ya ce yana son ganin Bilyamin kafin ya ba da ita, kuma cikin bazara ya kira shi. To, sai a bar turare mai tsada a ɗaki saboda rana? Haba!

2. Kawo sanyin da kanka

Saka rigar sanyi a ƙarƙashin babbar riga. Turare ba shi da ido, in ya ji ulu zai ɗauka Disamba ce.

3. Fesa da zuciya ɗaya

Wuya, hammata, har cikin hula. In mai Keke Napep ya toshe hanci, hassada ce, rabu da shi.

4. Yi zufa cikin natsuwa

Da Bilyamin ya durƙusa a zaure, zufa ta tayar da saiwar nan, wuri ya koma kamar fadama bayan ruwa. Ya ga dattawa suna kallon juna, daɗi ya kama shi, ya ce a ransa an gama.

5. Amsa tambaya da alfahari

Iya Fanne, kakar Khaulat, ta leƙo tana shinshina.

"Ɗan nan, wa ya haɗa maka saiwoyin nan?"

"Wani gwani ne a ƙasar waje, Iya. An ce duk wanda ya shaƙa sai ya so ni."

Malam Bubayaro ya ja da baya yana tofa Falaƙi da Nasi.

"Mu za a yi wa asiri, a cikin zaurenmu?"

Goron da Bilyamin ya kawo ma da sanda aka turo masa abinsa.

6. Jira saƙo

Zai zo. Na Bilyamin ƙawar Khaulat ce ta kawo, ranar da Iya ta fara ba yarinyar rubutu tana sha. Wai Khaulat ta yi kuka, ta ce ta so shi tsakani da Allah, amma yanzu ba ta san ko son nata ne ko na kwalba ba. Wallahi ni kaina na tausaya masa.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, babu ruwana. Ni shawara kawai na ba ka, ba ni na fesa maka ba.