Juma'ar da Aka Yi Taimama a Gindin Famfo

Ni ke kula da famfunan sola na wata ƙungiya a ƙauyukan Ƙaraye da Rogo. Kowane famfo yana da ɗan akwati mai layin waya da ke kunna injin ruwa. Da sabuwar manhaja ta zo, hanya biyu ce gabana: in hau babur in bi su ɗaya bayan ɗaya da kebul, ko in tura daga ofis.

Abokin aikina Malam Sabi'u ya ce, "Injiniya, a gwada a famfo guda tukuna. Kuma yau Juma'a ce."

Na yi masa irin murmushin da ake yi wa wanda bai je kwas ba. Na ce, "Zamanin wahala ya wuce." Na tura wa dukkansu da sassafe, kafin tankuna su cika.

Manhajar tana rabin hanya sabis ya ɗauke. Akwatunan suka saki tsohuwa, ba su kama sabuwa ba. Daga Kwanyawa har Kafin Dafga ruwa ya tsaya. A wani ƙauye da rijiyarsa ta daɗe da ƙafewa, liman ya ce a yi taimama.

Babur ɗin da na raina, shi na hau. Dattijon da ya tarbe ni sai da ya tambayi gajiya da iyali, sannan ya ce, "Tun da nake, ban ga an yi taimama a gindin famfo ba sai a zamaninka."

Har yau, da sun ji ƙarar babur ɗina, wani zai ɗaga murya: "Malam Taimama ya iso, kowa ya cika butarsa!"