Rasuwar Sandar Gejin Baƙin Mai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Maigidan gida na ƙarshe a layinmu, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, yake sanar da rasuwar aminiyarsa, Sandar Gejin Baƙin Mai, wadda ta tafi tare da tsohuwar motarsa ranar da babbar 'yarsa ta musanya masa ita da sabuwa ba tare da shawara ba.

Marigayiya siririya ce, mai kan roba rawaya, ba ta da yawan magana. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinta shi ne “suuu” in an zaro ta, da “ƙas” in an mayar. Amma tana da sanin ya kamata. Duk ranar da Uwargida ta shirya zuwa gidan yayarta, inda mijin yayar ke ba da labarin ciwon bayansa tun daga tushe, Maigida kan ɗaga bonet, ya zaro marigayiya, ya goge, ya tsoma, ya ɗaga ta sama yana yamutsa fuska. “Mai ya yi ƙasa, Hajiya. In muka hau hanya inji zai buga.” Ba ta taɓa ƙaryata shi ba, kuma ba wanda ya iya karanta ta sai shi.

Ba ta yi jinya ba. A safiyar farko Maigida ya ɗaga bonet ɗin sabuwar motar, ya tarar da inji a lulluɓe da baƙar roba kamar mai jin kunyar surukai. Ya laluba ko'ina. Abin da ya samu ya zaro a gaban maƙwabta, murfin ruwan wanke gilashi ne. 'Yar ce ta isar masa da labarin: “Baba, ai an daina saka sandar geji. Maɓalli za ka danna a sitiyari, allo zai faɗi yawan baƙin mai.”

Allon kuwa ba ya riƙe sirri. Yana tsakiyar mota, da manyan haruffa, daidai idon mai zaman gaba. Uwargida ta gyara tabarau, ta karanta, ta ce, “Malam, cike yake. Tayar mu tafi.”

Ta rasu ta bar tsumma ɗaya, mazurari, rabin galan na baƙin mai, da magidanci wanda yanzu ba shi da uzuri. Bakanikensa ya aiko da ta'aziyya, ya ce shi ma kwamfuta ce ke ba shi umarni.

Ba za a yi jana'iza ba, domin dillali ya riga ya sayar da gawar tare da motar. Za a karɓi gaisuwa kowace Asabar a falon yayar Uwargida, daga hantsi har mijinta ya gama bayani. Ana roƙon masu zuwa su zauna kusa da shi, su yi masa tambayoyi, ko mai makoki ya samu ya runtsa.